Kafin Ku Ɗaura wa Inna Famfo Mai Tiyo

'Ya'yana samari da 'yan matan Gallabat, da ku da kuke neman abinci a Gadarif ko Fot Sudan ko Jidda kuna aiko da kuɗi gida, da ku nake magana. Na lura duk wanda Allah ya buɗa wa a cikinku, ya sayar da riɗi da daraja ko ya kama aikin albashi, abin da ke fara zuwa ransa shi ne ya gyara wa mahaifiyarsa ko amaryarsa kicin. Niyya ce mai kyau, Allah ya yi muku albarka a kanta. Cikin kayan da kuke gani a waya kuna sha'awa har da famfon nan mai dogon wuya, wanda ake kama kansa a jawo, tiyo ya biyo hannu, a fesa ruwa inda ake so, a sake shi ya koma mazauninsa. Yana da amfani ƙwarai, ba zan hana kowa saya ba. Sai dai waɗanda suka ƙera shi sun ƙera shi ne don gidan da ruwansa ke da ƙarfi, tatacce, mai hanyar fita in an gama da shi. Wanda zai ɗaura shi a garinmu, shi zai samar masa wannan duka da kansa, kuma daga nan ake fara aikin, famfon shi ne na ƙarshe.

Mutanen yamma masu niyyar Makka, waɗanda ake kira Takari, cikinsu har da kakannin wasunmu, su suka raya garin nan tun ƙarni na 18, a bakin rafin da ya raba mu da garin Matamma na Habasha. Baturen nan Samuel Baker ya ratso ta nan a 1862, ya tarar shehun Takari ke riƙe da gari, kasuwa maƙil da auduga da gahawa da kakin zuma. A nan Sarkin Habasha Yohannes na Huɗu ya rasa ransa a yaƙinsa da mutanen Mahadi, cikin watan Maris na 1889. Duk wannan jama'a, fatake da mayaƙa da alhazai, ruwan da suka sha a salka da tulu aka ɗauko shi, aka juye a randa ya kwanta, aka ɗiba da moɗa daga sama. Har yau haka gidaje da yawa a yankin nan suke, illa jarka da duro sun karɓi aikin salka, jaki kuma yana jan karo daga rijiya ko hafiri, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama. Randa tana yi wa gida aiki biyu: tana kwantar da laka a gindinta, tana kuma nuna wa uwar gida abin da ya rage mata na yini. Ranar da kuka sa famfo, aikin nan biyu ya dawo wuyanku.

Ƙarfin ruwa shi ya fi kunyata masu sayen famfon nan. A gidan da ruwa ke saukowa daga tanki, tsayin tankin ne kaɗai ke tura shi. Ana auna wannan ƙarfi da ma'aunin da ake kira bar, kuma bar ɗaya ya yi daidai da ruwan da ya sauko daga tsayin kimanin mita 10. Ku duba kwalin famfon ko takardar da ke ciki, za ku ga mafi yawansu bar ɗaya suke nema, ko kusa da haka. To, tankin da aka ɗora kan rufin ɗaki ko kan ƙafafun ƙarfe da wuya ya ɗara bakin famfo da mita 3, wato ko sulusin abin da ake nema bai cika ba. Famfon da muka saba da shi bai damu da wannan ba, hanyarsa gajera ce, bakinsa a buɗe. Shi kuwa mai tiyo, sai ruwa ya ratsa zuciyarsa, ya gangara cikin siririn tiyo mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi, ya lanƙwasa a ƙarƙashin bahon wanke-wanke, ya sake hawa, ya ture bawul, sannan ya fito ta ƙananan huji. Ko'ina ya bi sai an rage masa ƙarfi. Abin da zai iso baki tsiyaya ce kawai, maɓallin feshi kuma a danna ya ƙi tsayawa, don ƙarfin ruwan ne ke riƙe shi.

Saboda haka ku ɗauki awo tun kuɗinku na aljihu. Ku auna daga rabin tanki zuwa inda bakin famfo zai tsaya. Ku nemi gidan da aka riga aka ɗaura irinsa a kan tanki mai tsayin naku, ku yi sallama ku roƙi a buɗe muku ku gani da ido, gani ya kori ji. In ƙarfin ya gaza, bututu mai kauri daga tanki zuwa kicin yana taimakawa, haka ma rage yawan kwana a hanyarsa. Akwai ɗan injin tura ruwa da ke tashi da kansa in an buɗe famfo, yana aiki sosai, amma bawan wutar lantarki ne, ranar da babu wuta ko sola ta yi sanyi an koma gidan jiya.

Wasu sai su ce to a ɗaga tankin. A nan ina roƙonku ku bi a hankali, don maganar rai ce. Ruwa lita 1,000 tan ɗaya ne cif. Ƙasarmu kuwa baƙar laka ce, da damina ta kumbura, da rani ta tsage har hannu yana shiga. Ƙafafun tankin da aka kafa a sama-sama, damina ɗaya ko biyu za su karkata. A haƙa harsashi ya wuce zurfin da tsagewa ke kaiwa, a zuba kankare da rodi, a haɗe ƙafafun a ƙasa, kuma kada a kafa shi kusa da inda yara ke kwana a tsakar gida lokacin zafi. Wannan motsin ƙasa shi ke karya bututun da aka binne, musamman mai tauri da aka haɗa da gam. Baƙin tiyon roba mai lanƙwasuwa, a shimfiɗa masa yashi a rami, ya fi jure wa ƙasar nan.

Sai maganar laka. Kogin Atbara da ke gangarowa daga duwatsun Habasha, ku da kuka gan shi da damina kun san kalarsa. Madatsar Khashm el-Girba da aka gama a 1964, laka ta cinye babban kaso na cikinta. Garin Gadarif da ya daɗe yana jan ruwa daga Shuwak a bakin wannan kogi, har yau sunansa ba ya rabuwa da ƙishirwar rani. Ruwan hafiri ma in an yi sabon ruwan sama sai ka ga kamar shayi da madara. Abin da ya iya cike madatsa, ina ga hujin da bai fi bakin allura ba?

Na taɓa tsayawa a gidan wani dattijo maƙwabcina, ɗansa ya aiko masa da irin famfon nan, bai daɗe ba ruwa ya ƙi fita, har ya yanke shawarar a cire a jefar. Wani yaro mai aikin famfo ya zo. Bai taɓa komai a ƙarƙashi ba. Ya naɗa tsumma a bakin famfon don kada filaya ta ƙarce shi, ya murɗo 'yar rariyar da ke bakin, ya kife ta a tafin hannunsa ya ƙwanƙwasa. Yashi mai laushi ya zubo, da ɓarɓashin tsatsa, da wani guntun farin tef. Duka bai cika ƙaramin cokali ba. Ya warware kan daga tiyo, ya zaro wata rariyar a can, ita ma a toshe. Ya wanke su da tsohon buroshin haƙori ya mayar, ruwa ya zubo. Ya miƙa wa dattijon tafin hannunsa ya ce, "Baba, famfonka lafiyarsa ƙalau. Ga abin da tankinka ke aiko masa." Sannan ya hau ya leƙa tankin, ya tarar murfin a goce, laka kuma ta kai bakin bututun fita.

Toshewa mai sauƙi ce, ana wankewa. Ɓarnar da ba ta gyaruwa a zuciyar famfon take. A ƙarƙashin hannun da ake ɗagawa akwai wasu fayafai biyu na tangaran, sumul, masu huji, ɗaya na gogar ɗaya. In hujin sun haɗu ruwa ya wuce, in sun saɓa ya tsaya. Ƙwayar yashi ɗaya ta shiga tsakaninsu ta yi zane, famfo ya fara ɗiga ke nan, kuma ba irin ɗigar da ake ɗaure wa da robar tayar keke ba ce. Sai an sake zuciyar gaba ɗaya. Maganin tun daga baya yake. Ruwan karo ya kwana a duro ko tankin ƙasa kafin a tura shi sama. In ya yi kauri a sa masa alif, ko dakakkiyar ƙwayar zogale yadda matan ƙasar nan suka daɗe suna yi. Bututun fita ya ɗara gindin tanki da kamar yatsu huɗu. A sa mataci a hanya kafin kicin, irin mai raga da ake cirewa a wanke, don irin mai auduga yana rage ƙarfin da dama bai isa ba. A wanke tanki kafin damina da bayanta, murfinsa kuma a rufe ruf.

Kafin ku shiga kasuwa akwai wadda ya kamata ku fara zama da ita, ita ce mai kicin ɗin. Da yawanku so kuke ku ba ta mamaki, a ganina kuskure ne. Ku durƙusa ku ce, "Inna, a tsaye kike son wanke-wanke ko a zaune? Wace tukunya ce ta fi ba ki wahala?" Iyayenmu da dama a kan 'yar kujera suka saba wanke-wanke a tsakar gida, ga inuwa ga hira. In kun gina mata baho mai tsayin da aka yi wa wasu mutane, kafaɗa za ta riƙa ciwo, ta bar shi ta koma inda ta saba, kuɗinku ya zama ado. A auna tsayin da jikinta, yadda tafin hannunta zai taɓa gindin bahon ba ta sunkuya ba. A zaɓi baho mai zurfi da faɗi, wanda babban tiren cin abinci da tukunyar tuwo za su shiga. Kuma a nan ne famfo mai tiyo ya cancanci kuɗinsa: jarka mai lita 20 kilo 20 ce, ga tsohuwa ko mai juna biyu ba ƙaramin kaya ba ne, amma da tiyo sai ta ajiye tukunya a gefe ta cika ba ta ɗaga komai ba. In kuwa ta ce famfo mai dogon wuya da ke juyawa ya ishe ta, ku ji maganarta. Ya fi araha, ya fi jure ƙarancin ƙarfi, sauran kuɗin ku sa a tanki da mataci.

A kasuwa kada ƙyalli ya ja ku, duka suna ƙyalli. Ku ɗaga ku ji nauyi, ku leƙa cikin wurin murɗi. In ruwan ɗorawa ne, tagulla ce, tana daɗewa. In toka-toka ne ga rashin nauyi, tutiya ce aka shafe, za ta rube daga ciki. Farin ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304 shi ma yana da kyau. Tambaya mafi muhimmanci ita ce ta kayan canji. Zuciyar mafi yawansu mai faɗin milimita 35 ce ko 40, ku tabbata taku tana cikin waɗannan, ku sayi ta ajiya nan take. Tiyon ya zama mai bakin murɗi irin wanda aka saba, ban da mai wani maƙali na musamman da kamfani ɗaya kaɗai ke yi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya nuna mana yadda abin da a da ake aika direba ya sayo a kasuwar Sajjana ta Khartum kan zama abin nema, gadar Matamma ma takan rufe ba shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar ɗauri, ko kun kira mai sana'a ku tsaya a kansa ku koya. A ɗaura famfon a jikin baho tun ba a girka bahon ba, ya fi kwanciya rigingine cikin duhu da sufana a hannu. Hujin da ake buƙata milimita 35 ne. In ƙarfen bahon siriri ne, a sa farantin robar nan mai kusurwa uku da ke zuwa a kwali, in ba haka ba duk jan da aka yi wa tiyo famfon zai riƙa rawa har noti ya saki. A sa makullin ruwa a bango ƙarƙashin baho, yadda ranar gyara ba sai an kashe ruwan gida duka ba. Galibinsu baki biyu suke da shi, na zafi da na sanyi. Gidan da ruwan sanyi kaɗai ke akwai, a haɗa bakunan biyu a bututu ɗaya, ko a toshe na zafin da murfin murɗi, don in an bar shi a buɗe ta nan ruwa zai zubo. Duk mahaɗar da ke da zoben roba ba ta son farin tef, ba ta kuma son ƙarfi: a murɗa da hannu, a ɗan ƙara da sufana, a tsaya. Kafin a ɗaura kan feshin, a sa bakin tiyo a bokiti a buɗe ruwa ya gudu sosai, ya kwaso duk dattin da aiki ya bari a bututu.

Akwai wani dunƙulen ƙarfe da ake maƙala wa tiyon a ƙasa, shi ke jawo kan famfo ya koma wurinsa. A maƙala shi a gefen da ke hawa zuwa kan feshin, inda aka yi alama, a ja a saki a ga yana sauka yana hawa ba ya karo da komai. Wannan yana nufin ƙarƙashin baho ba ma'ajiyar galan da tukwane ba ne. Kada kuma magini ya rufe wurin da bulo da siminti, a bar ƙofa. Daren farko a shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa, da safe a duba. Ko ɗigo ɗaya aka gani a bi shi a gano, don danshi a duhu shi ke kiran gara da kyankyaso.

Abin da zan faɗa yanzu ku gaya wa kowa a gidan. Kada a taɓa barin kan feshin a nutse cikin ruwan wanke-wanke. In ruwa ya yanke a babban bututu, ko tanki ya ƙare wani ya buɗe famfon tsakar gida da ke ƙasa da baho, tiyon yana iya zuƙo ƙazamin ruwan ya mayar cikin bututun da ake sha. Famfo mai kyau yana da bawul da ke hana ruwa komawa baya, kuma wasu masu gyara sukan cire shi don ruwa ya ƙara gudu. Kada ku yarda. A watan Satumba na 2023 aka bayyana ɓarkewar kwalara a jihar Gadarif, zazzaɓin denge ma ya kwantar da jama'a a daidai wannan lokaci. Kwalara ta ruwan sha take shiga, sauron denge kuwa a tsaftataccen ruwan da aka bari a buɗe yake ƙyanƙyasa, cikin duro da tanki marar murfi. Kuma ruwa ya fito ta famfo mai ƙyalli bai sa ya zama na sha ba. A tafasa ko a sa maganin kulorin kamar da.

Ina ruwan zai tafi in an gama? Baƙar laka ba ta shan ruwa, da damina ma ƙoshe take. Kwatamin da aka haƙa a gaggauce zai cika ya yi wari, ya malala ƙofar maƙwabci, kuma haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne. A yi ɗan akwatin siminti mai murfi a waje inda maiƙo zai taru a riƙa kwashewa, daga nan ruwan ya wuce rami mai duwatsu, nesa da rijiya da harsashin ɗaki. Toka da yashin da ake goge baƙin tukunya da su, a tsakar gida za su tsaya, in sun shiga magudanar baho sai sun toshe ta.

Saura aikin randa na biyu, wato lissafi. Famfo mai ƙarfi yana zubar da lita 6 zuwa 8 a minti ɗaya, jarka guda ke nan cikin kamar minti uku. A sansanonin gudun hijira irin Um Rakuba da ke jiharmu, ma'aunin da masu agaji ke bi shi ne aƙalla lita 15 ga mutum ɗaya a yini, na sha da girki da wanka. Yarinya ta bar famfo yana zuba tana hira minti biyu, rabon mutum guda ya bi rariya. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa, ɗigo 86,400 yake yi a kwana, ku tara masa roba ku ga abin da zai tara kafin asuba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya yake alwala, abin da bai kai lita guda ba. Ku koya wa ƙannenku a jiƙa a rufe, a cuɗa da sabulu, sannan a buɗe a ɗauraye. A ajiye roba a cikin baho ta tari ruwan ɗauraya, a ba zogale da lemun tsamin tsakar gida. A sa wa tanki alamar da za a riƙa ganin inda ruwa ya tsaya daga ƙasa, ko da siririn tiyo ne mai haske a gefensa. Randar Inna kuma ta zauna inda take a cike, ranar da injin ya tsaya ita za ta shayar da gidan.

Kulawar yau da kullum ba ta da yawa. A riƙa wanke rariyoyin nan biyu duk lokacin da ruwa ya fara raguwa. In farin gishiri ya taru a hujin feshi, a jiƙa kan cikin ruwan lemun tsami ko kal na ɗan lokaci a goge. A hana yara lilo da tiyo, kada kuma a riƙa fesa ruwa a jikinsa, yana bin sa ya gangara ƙarƙashi. Lokaci-lokaci a jawo shi duka a shafa da hannu, in saƙarsa ta fara tsinkewa a canja tun bai fashe da dare ba. Canjin zuciya kuwa ku mata ma ku koya, ba sai kun jira wani ba. A rufe makullin bango, a ɓamɓare 'yar alamar ja da shuɗi da ke jikin hannun, a kwance ɗan sukurun da ke ciki da ƙaramin makulli mai kusurwa shida, a cire hannun da murfinsa, a warware babban noti, a zaro tsohuwar. Sabuwar tana da 'yan ƙafafu biyu a gindi da za su faɗa huji biyu, in ba su zauna ba kada a matsa. In babu ta ajiya a gida, a naɗe tsohuwar a leda a tafi da ita kasuwar Gadarif, a gwada gindi da gindi kafin a biya.